Sai da ya goge waƙoƙin na yarda ya yi min takwara

"Karanta min da ƙarfi," na ce wa ɗana Sadiku, na miƙa masa takardar. Saura kwana biyu sunan 'yarsa, ya zo flat ɗina a Tottenham neman izinin yi min takwara.

Waƙar rap ce da ya yi yana ɗan shekara sha tara. Zagin matan da ke ciki ba ya faɗuwa, har da cewa a doki 'yan daudu. Ƙanwarsa na sa ta rubuto min ita kaf.

Ya karanta layin farko, ya ajiye takardar.

"Mama, ƙuruciya ce. Na daɗe ina nadama."

"Nadamar zuci ba ta goge komai. Waɗanda ka ce a doka, su ma uwa ce ta haife su. Ba za a sa sunana ga yarinyar da ubanta ke zagin mata a intanet ba."

A gabana ya yi delete ɗin waƙoƙin duka, ya rubuta ban haƙuri a shafinsa.

Jiya aka raɗa mata Hadiza, alhamdulillahi.

Iyaye mata, kun taɓa zama kun saurari abin da 'ya'yanku ke rerawa?