Masuncin Nakkasa

Surukina Baba Wada masunci ne, amma shekara talatin da takwas ya yi a Makka bai jefa ƙugiya a ruwa ba. Mutumin Yawuri ne. Ya tashi a bakin kogin Kwara, ya yi samartakarsa a Tafkin Cadi yana kamun giwan ruwa da tsage. Ya zo aikin hajji, alhazan garinsu suka koma, shi ya zauna. Ya samu ɗaki a saman dutsen Nakkasa, inda a jarka ake hawa da ruwa, ya yi aure, ya haifi 'ya ɗaya, Ruƙayyatu, wadda nake aure. Iƙama kuwa, wato takardar izinin zama, bai taɓa riƙe ta ba. Teku ba ta da wani nisa da Makka, tafiyar awa ɗaya da 'yan mintoci ce a mota, amma akwai shingayen bincike a hanya. Don haka bai taɓa zuwa ba.

Aikin da ya samu shi ne gyaran kifi a shagon wani mai suya a unguwar Kudai. Kifi ne na kwali, ya daskare kamar itace, kuma Baba bai taɓa yafe masa ba. Yana kankare ɓawo yana mita. Wai kifin da bai san wanda ya kama shi ba, gawa ce kawai. Mai shagon ya riƙe shi duk da bakin nan nasa, domin ba wanda ya kai shi iya wuƙa.

Ni direba ne, a unguwar Rusaifa nan Makka aka haife ni, iyayena ta Sudan suka zo. Ina da takarduna, ina da 'yar motata ta ɗaukar kaya. Wasu abokai suka koya mini zuwa bakin teku a Shu'aiba ranar Juma'a, mu jefa igiya, mu sha shayi, mu dawo da ƙananan kifaye biyu ko uku da ko kyanwa sai ta yi tunani kafin ta karɓa. Ranar da na fara kai wa Baba irin wannan kamu, ya ɗaga ɗaya ta wutsiya, ya juya shi, ya dube ni.

"Malam Tijjani, wanga kai ka kama shi, ko shi ya ji tausayinka?"

Na ce, "Baba, manyan ba sa zuwa. Akwai wani dogo mai haƙora, agam suke ce masa. Sau biyu yana yanke mini igiya."

Sai na ga tsohon ya ajiye wuƙa. Ya sa na kwatanta masa kifin tun daga baki har wutsiya, ya tambayi yadda yake kawo hari, ya ce ai wannan ɗan'uwan tsage ne, gishiri kawai ya sha. Daga ranar na shiga makaranta ba da shirina ba.

Duk Alhamis da la'asar zan hau matakalar Nakkasa ina haki, in same shi a ƙofar ɗaki, ya fara. Kifi mai haƙori, in ji shi, ba a ɗaura masa ƙugiya a igiya kai tsaye, sai an sa waya kamu ɗaya a tsakani. Ƙugiyar kuma a wasa ta har sai ta kama farce idan an ja ta a kai. In ta zame, ba ta yi ba. Ya hana ni tsutsa da gutsuren nama, ya ce babban kifi ba ya barin wurinsa don abin da bai kai loma ba. A sa masa ƙaramin kifi sukutum, mai rai, a soke shi ta gadon baya don ya ci gaba da motsi. A nemi inda ruwa marar zurfi ya ƙare mai zurfi ya fara, nan yake laɓewa. Kada inuwarka ta faɗa kan ruwa. Kada ka yi ta buga ƙafa a kan dutse kamar mai jiran mota.

Abin da ya fi nanata mini shi ne fizga. "Ku 'yan birni da kun ji an taɓa sai ku fizge. Taɓawar farko tambaya ce yake yi. Ka sakam mashi igiya, ka bari ya juya da abin a bakinsa, sannan ka ɗaure shi, fizga ɗaya, da ƙarfi." In kuma ya biyo abincin har gaɓa bai kama ba, kada a cire, a yi ta kewayawa da shi a cikin ruwa, sau da yawa a nan yake yanke shawara. Ya ce ya taɓa yin kwana goma sha ɗaya yana bin giwan ruwa guda a wani lungu na tafki. Na ce ni Juma'a ɗaya gare ni a mako. Ya ce shi ya sa nake cin kifin kwali.

Ina komawa teku, in dawo in ba shi labari, shi kuma ya gyara mini. Yana sauraro idonsa a rufe, babban yatsansa da manuni suna murza juna, kamar akwai igiya a tsakaninsu. Shekara huɗu muna haka. Ban kama agam ba, kuma bai taɓa cewa in tafi da shi ba. Ni ma ban taɓa tayi ba. Na san abin da zai biyo baya in aka tsayar da mu: shi a mayar da shi ƙasar da ba wanda ya rage masa a cikinta, ni kuma in rasa mota da takardu. Tsoro ne, ba na ɓoyewa.

Sai aka zo aka shafa jan fenti a bangon unguwarsu, alamar rushewa. Muka kwaso shi da 'yan komatsansa zuwa gidanmu a Rusaifa. A lokacin idonsa na hagu ya tafi, na dama yana bin sa, mai shagon ma ya sallame shi cikin mutunci. Mutumin da bakinsa ba ya hutawa ya koma zama shiru a falo. Wata safiya muna karyawa ya ce, ba tare da ya dube ni ba:

"Malam Tijjani, ina son in ji kifi a hannuna sau ɗaya. Ba ci nake so ba. In ji shi kawai."

Ruƙayyatu ta ajiye kofi. "Ya Baba, haram alaik, ku ji tsoron Allah. In suka kama ku fa? Wa zai bi ku can?"

"Ke dai yi shiru," ya ce. Ba ya kiran sunanta, 'yar fari ce. "Mi ya rage da za a kama?"

Kwana uku ba ta yi mini maganar ba. A na huɗu ita da kanta ta ce, "Halas, shi ke nan, ka kai shi. In ya mutu da wannan a ransa ba zan yafe mana ba."

Muka fita bayan sallar asuba. Ya sa farar riga da hula, ya zauna a gaba yana jan carbi. A shingen, jami'in ya leƙo, ya ga tsoho, ya ce, "Tafaddal ya ammi," wato kawu ya wuce, ya ɗaga mana hannu. Shi ke nan. Abin da ya tsare mutum shekara talatin da takwas bai ɗauki minti ɗaya ba. Haushi ya kama ni, ban ma san wa nake jin haushi ba.

Da muka isa, ya tsaya ya shaƙi iska ya ce ruwan nan warinsa daban. Na riƙe hannunsa muka taka duwatsu har inda launin ruwan ke sauyawa. Ya ƙi sandar kamun da na saya, ya ce igiya zalla yake so. Da lalube ya ɗaura wayar, ya gwada ƙugiya a farcensa, ya soke ɗan kifin da na kamo masa, ya naɗe tafinsa da tsumma. Jifarsa ta farko ba ta yi nisa ba. Ta uku ta kai inda yake so.

Muka zauna. Hantsi ya yi, rana ta take, muka yi azahar a kan dutse ɗaya bayan ɗaya don kada a bar igiya. Na yi ta roƙonsa ya shiga inuwar mota, ya ce in ni na gaji in je. Wajen la'asar iska ta juya. Na ga ya gyara zama, ya ce a hankali, "Ga shi nan. Yana tambaya." Ya saki igiya, ta yi ta zarewa ta tsakanin yatsunsa. Ya jira har na ƙosa. Sannan ya ɗaure.

Ban taɓa ganin abu irin wannan ba. Igiyar ta miƙe tana kuka, kifin ya yi tsalle can nesa, dogo, yana walƙiya. Baba ya miƙe tsaye, yana ba shi yana karɓa, yana yi masa magana da Hausar da ban taɓa ji a bakinsa ba. Fuskarsa ta koma ta wani mutum da ban sani ba, saurayi. Sun kai minti goma a haka. Sai tsumman ya zame, igiya ta yanka masa tafi, na ga jini. Ƙafarsa ta goce a kan dutse, ya durƙusa da gwiwa ɗaya.

To ni an tarbiyyantar da ni ne a gidan da ba a barin babba da kaya a hannu. Ko buta surukinka ya ɗauka, karɓa kake yi. Ban yi tunani ba. Na ce, "Kawo, Baba, ku huta," na fizge igiyar daga hannunsa. Na ji ya ce, "A'a, bari," amma na ɗauka irin a'ar da manya ke yi ce in za a karɓar musu kaya. Na ja da ƙarfin ƙuruciya, kifin ya riga ya gaji, cikin minti biyu na fito da shi kan dutse. Tsawonsa ya kai ƙirjina. Na juyo ina ihu, "Baba, kun kama! Mabruk, barka!"

Yana zaune, hannayensa a buɗe kan gwiwoyinsa. Ya ce, "Sannu, Malam Tijjani. Ka kama kifi."

A hanyar dawowa ne ya gaya mini, ba da faɗa ba, wanda ya fi mini ciwo. A wurinsu, in kifi yana kan igiyar mutum, ba mai taɓa ta, ko ɗansa ne, ko da kifin zai ja shi cikin ruwa. A riƙe mutumin ta ƙugu in ana son taimakonsa, amma igiya tasa ce. Wanda ya fito da kifi shi ya kama. Na ce me ya sa duk shekarun nan bai taɓa gaya mini ba? Ya ce bai san abu ne da ake faɗa ba.

Ruƙayyatu ta soya kifin, maƙwabta suka ci, ana ta yi wa Baba barka yana amsawa. Na yi masa alkawarin komawa Juma'a mai zuwa. Kafin ta zo ciwon tafin ya kumbura, ga ciwon sukari, zazzaɓi ya kwantar da shi. Daga wannan kwanciyar bai ƙara taka ƙofar gida da ƙafarsa ba. Wata biyar ya yi.

Ana saura 'yan kwanaki ya rasu, ina zaune kusa da shi da rana, ya lalubo hannuna.

"Malam Tijjani, da ya zo kusa da gaɓa, yaya ya yi? Akwai wani ja da suke yi na ƙarshe, in sun ga dutse. Ya girgiza kai, ko nutsewa ya yi? Nan ne ban ji ba."

Na yi ta nema a cikin kaina. Babu komai. A lokacin ni jinin hannunsa nake kallo, ja kawai nake yi kamar mai jan buhu. Na so in ƙirƙira masa wani abu, amma mutum ne da zai gane.

Na ce, "Wallahi Baba, ban lura ba."

Ya saki hannuna, ya ce, "Ashe ba wanda ya ji shi."