Wa Ke Share Ɗakin Gawar?

Shekara ashirin da takwas Inna ta yi tana share ɗakin karatu na wata kwaleji, makullai na ƙara a ƙugunta. Karatun ma a can ta tsince shi, daga takardun da ɗalibai ke zubarwa a kwando. Bayan ta ajiye aiki, sai autarta, wadda yanzu malama ce, ta kawo mata littafin farko da ta rubuta. Ta ce ranar Litinin zai tafi maɗaba'a, amma sai Inna ta yanke masa hukunci.

Labarin wasu ɗalibai biyar ne masu ƙungiyar asiri a wata tsohuwar jami'a. Malaminsu ya ɓace, ashe ɗayansu ne ya kashe shi, ya ɓoye gawar a ɗakin tsofaffin littattafai, har kwana tara ba wanda ya sani. Inna ta bi layi da yatsa, ga tsoro ga daɗi, har sau biyu girki ya ƙone mata. Amma wani abu ya tsaya mata a rai. Idan ta faɗa, tana gudun karya wa yarinyar gwiwa; idan ta yi shiru, littafin zai fita da ɓaraka.

Ranar Asabar autar ta zo.

"Inna, kin gano mai kisan kafin ƙarshe?"

"Ina fa, ja'ira! Mai gilashin nan na yi ta zargi, bawan Allah. Amma in tambaye ki, wa ke share ɗakin nan?"

"Wane ɗaki?"

"Na gawar mana. Kwana tara! Ni ko ɓera ne ya mutu bayan kantar littattafai, kafin hantsi na fito da shi. Jami'a guda, ga farfesoshi birjik, babu mai tsintsiya ko ɗaya?"

Sai autar ta tuntsure da dariya, ta jawo biro.

"Inna, wata shida ina neman wanda zai tona asirin nan, har na ɗora wa ɗan sanda dole. Ashe tana gidanmu!"

Littafin bai tafi ranar Litinin ba. Da ya fito bayan wata huɗu, mai shara ce ta gano gawar, ta kuma gane mai kisan daga takardar da ya yar a kwando. Inna ta sake karantawa, ta rufe, ta ce ya yi.

"Sai dai matar nan daga bakin ƙofa take fara shara. Daga ƙurya ake farawa, Auta."