Hannun da ya ƙi ɗaguwa a Umarari

Salamu alaikum jama'a. Wata goma sha ɗaya ban ce uffan a shafin nan ba. Masu neman turaren wuta, ku yafe ni. Masu cewa na gudu Kano kuma, na ji, har na san wadda ta fara faɗa. Ban gudu ba, kwanciya na yi.

Da ciwon ƙeya abin ya fara, na ce hayaƙin turare ne. Wata Talata da hantsi ina juya haɗi a tukunya, ludayi ya suɓuce daga hannuna na hagu. Na sunkuya in ɗauka, sai ga ni a ƙasa. Na kira maigidana, Malam Bukar, na ji bakina yana faɗin wani abu daban.

Shanyewar ɓarin jiki. Hawan jini ne, ni kuwa ban taɓa aunawa ba.

Kwana goma sha tara na yi a asibiti. Hoton kai, awon jini safe da yamma, allura, gashin ƙashi. Sai da sarƙar aurena ta tafi kasuwa. Duk wanda ya zo dubiya kallon tuhuma nake masa, don na riga na yanke cewa jifa ce, har na zaɓi waɗanda suka yi ta. Allah Ya yafe mini.

Ranar sallama likita ta ce, "Hajiya, rabin maganinki yana ƙafarki. Kullum ki taka, kina ƙirgawa. In kika zauna, zaman kenan."

Na fara da tsakar gida, sannan layinmu na Umarari. Ƙafar tana ja amma tana zuwa. Hannun kuwa ya lanƙwashe a ƙirjina, ya ƙi sauka, ya ƙi ɗaguwa.

To ku hasko ni yadda wani zai gan ni a Maiduguri ta shekarun nan: mace ita kaɗai cikin dogon hijabi, tana tafe a hankali, hannu ɗaya a dunƙule a ƙirji, baki yana motsi. Ni taku nake ƙirgawa. Ban taɓa kawo komai a raina ba sai ranar da na kai shingen 'yan sintiri na bakin kasuwa.

"Ke! Tsaya nan! Ɗaga hannu!"

Modu mai faci ne, wanda matarsa ke sayen turaren humra a wajena. Bai gane ni ba, fuskata ta karkace. Na ɗaga na dama.

"Duka biyu!"

Na ce ba ya ɗaguwa, harshe ya ƙi ba ni haɗin kai. Mutane suka watse, mai shayi ya bar teburinsa. Na ga an saita ni da bindiga, na fara kalmar shahada. Ya Falmata mai ƙosai ce ta kwarma ihu daga bayan katanga: "Matar Malam Bukar ce! Mai turare ce, ba ta da lafiya!" Ita ta zo ta ɗaga hijabin, kowa ya ga hannun.

Yau na fahimce su, sun ga abin da suka gani a garin nan. Amma a ranar na tsane su.

Sati shida ban leƙa ƙofar gida ba. Ƙafar ta fara sandarewa, maganar likita tana tabbata ina kallo. Sai Malam ya kai ni wajen yayarsa, a wani ƙauye can kan tsaunukan Biu. Akwai dam a bayan garin, da 'yar hanya da manoma da shanu suka fitar ta zagaye ruwan. Shimfiɗaɗɗiya ce, ba hawa ba gangara, ga duwatsun zama, ga iska mai sanyi. Na ce a nan dai ba mai tare ni.

Kwana na biyu na lura wata tsohuwa tana bina. In na tsaya ta tsaya, ta kama tsinkar ganyen da ba a ci. Rana ta biyar na juya.

"Kaka, lafiya kike bina?"

"Mai gari ya ce in sa miki ido. Baƙuwa daga Maiduguri tana zagaya ruwan shanmu tana magana ita kaɗai, ai dole a duba."

"To me kika gani?"

"Na ga kina ha'inci. Daga saba'in kike tsallakawa zuwa casa'in."

Rabona da dariya tun kafin in faɗi. Daga ranar tare muke zagayen, ita ke ƙirga. Akwai wata ɗorawa mai reshe ƙasa-ƙasa, kullum sai ta sa na miƙa mata hannun hagu. Ina kuka tana cewa, "Saura kaɗan, raguwa." Wata uku kafin yatsuna su taɓa reshen.

Makon jiya na dawo. Washegari na sa hijabin nan dai, na taka har shingen. Modu yana nan. Kafin ya buɗe baki na ɗaga hannu, duka biyu, har sama.

Ya yar da gorarsa. "Hajja, sauke, don Allah sauke."

Na ce, "Bar ni, Modu. Wata goma ina neman wannan."

Alhamdu lillahi. Na gode wa Malam da bai gaji ba, da likitata, da Ya Falmata, da Kaka mai leƙen asiri. Waɗanda na zarga da jifa, ku yafe ni ko ba ku san kanku ba.

Ku je a auna jininku, ko ba ku jin komai. Mai irin ciwona kada ya fita shi kaɗai, a sanar da mai unguwa da masu shinge tukuna, a rataya katin asibiti a waje inda ido zai gani.

Ku kuma masu tsaronmu, Allah Ya kare ku. Amma in kun ce a ɗaga hannu aka ɗaga ɗaya, ku ba mutum minti guda ya faɗi abin da ya sami ɗayan.