Furen da Inna Ke Ambato

Yelwa

Ana idar da sallar asuba na fita, ban tashi Inna ba. Idonta ya tafi, hankalinta ma ya fara binsa, har ta daina kiran sunana. Abu guda take ta ambato: wani ɗan icce na kan dutsen garinsu, can Mambila, mai fure ruwan ɗorawa da siririn ganye, in an yi ruwa sai ya yi ƙamshin miya. Tun da Baba ya auro ta zuwa Yawuri ba ta koma ba. Ni kuwa mai sayar da bandar kifi ne, iccen da na sani shi ne na wuta.

Kontagora zuwa Jalingo

A kowane shinge sai an tambayi inda za ni. In na ce neman fure, sai a dube ni kamar na taɓu. Na kwana kan benci a tasha, na sha shayi ni kaɗai, kewa ta ishe ni.

Gembu

Hawan dutsen Mambila ya toshe mini kunne, ga sanyi, ni da riga ɗaya! Na dage ɗan kabu-kabu ya kai ni bakin rafi, don a wurinmu duk abin kirki bakin ruwa yake. Na tsinki furannin wurin, na sunsuna, babu.

Wata tsohuwa mai tallan nono ta ji labarina, ta yi dariya. "Ɗan Yawuri, ka hau dutse kana neman gulbi? Ƙara hawa, inda gajimare ke kwana."

Can gefen kurmi na same shi. Ya ɗan fi ni tsawo, furen kunne biyar, tsakiyarsa gashi-gashi. Na jira har aka yi yayyafi. Wallahi sai ga ƙamshin miya.

Gida

Zafi ya zubar da furen tun a hanya, ganye kawai ya iso. Na yayyafa masa ruwa, na murza, na kai hancin Inna. Sai ta kama hannuna, tana murmushi, ta shiga magana da yaren da ban taɓa ji a bakinta ba. Ban gane ko kalma ɗaya ba, sunana ma bai fito ba. Na zauna ina cewa, "To, Inna," har ta yi barci.

Na gode wa Allah da ya dawo da ni gida, ita ma ya kai ta nata ta hanyar ƙamshin nan.