Malam Halliru Banyo, Malamin da Ya Koyar da Kimiyya da Kofato da Ƙaro

Shekara goma sha biyar yaran Garwa suka yi suna koyon ilimin polima, wani reshe na kimiyyar sinadarai, da hannuwansu, a ajin da ba shi da kayan gwaji. Wanda ya koya musu, Malam Halliru, an haife shi a garin Banyo a shekarar 1934. Mahaifinsa Mahamman mahauci ne, mahaifiyarsa kuwa sunanta Dela.

Karatu

Ya sauke Alƙur'ani a 1945, sannan ya shiga makarantar boko a Ngawundere. Ya sami shaidar malanta a 1956, kuma a 1961 ya tafi Yawunde nazarin ilimin sinadarai.

Aiki da aure

A 1965 aka turo shi wata makarantar sakandare a Garwa, kuma a shekarar ya auri Salamatu, 'yar wani falke. Darasin polima ya shafi abubuwan da ƙwayoyinsu suke haɗe kamar doguwar sarƙa, irin su roba da auduga. Da ya lura yara haddace shi kawai suke yi, sai a 1966 ya fara sa su jiƙa ƙaro suna jan zarensa. Daga baya ya sa su dafa madara da lemun tsami, su matse gudajin, su shanya, su fitar da maɓallan riga.

Rikicin madara

Bai yi la'akari da darajar da Fulani suke bai wa madara ba. A Maris 1971 wata uwa, Hajiya Hindu, ta zo makarantar riƙe da maɓallin da ɗanta ya kai gida. "Malam, abincin Allah ne fa," in ji ta. "Ka taɓa ganin wanda ya ɗinka nono a riga?" Cikin mako biyu iyaye goma sha ɗaya suka janye 'ya'yansu, kuma sufeton makarantu, mai suna Édouard, ya dakatar da gwaje-gwajen.

Malam Halliru ya bi gidajen ɗaya bayan ɗaya ya ba da haƙuri, daga nan ya nufi mayanka. Sarkin fawa Uba, wanda ya san mahaifinsa, ya yi dariya ya ce, "Ɗan Mahamman, duk bokon nan, abin da muke jefa wa karnuka ka zo roƙo? Kawo buhu." Da kofato da guntayen fata yara suka dafa gam, suka liƙa bencinan ajinsu da suka ɓalle. Yaran da aka janye duk sun dawo, sufeto kuma ya ba da izinin ci gaba da gwaje-gwajen na shekara ɗaya, wanda ake sabuntawa kowace shekara.

Shekarun ƙarshe

A 1978 ya rubuta wa hukuma yana neman izini na dindindin, domin wanda zai gaje shi ya ci gaba da darasin. Tsofaffin ɗalibansa arba'in da biyu, har da ɗan Hajiya Hindu wanda yanzu yake haɗa magunguna, suka sa hannu a takardar.

Rasuwa

Ya rasu ranar Talata, 10 ga Nuwamba 1981, bayan gajeriyar jinya, aka yi jana'izarsa bayan la'asar a Garwa, mahauta da ɗalibai suka ɗauki makara. Allah Ya saka masa da alheri. Ya bar matarsa da 'ya'ya uku: Isa, Aisatu da Hamadu. Izinin bana zai ƙare a watan Yuni, kuma har yanzu hukuma ba ta amsa takardarsa ba.