Hanyar Yanke a Gonar Gyaɗata

Shekarar da na ajiye aikin koyar da lissafi, na koma ƙauyenmu da ke ƙasar Zango, na karɓi gonar da mahaifina ya bari, na shuka gyaɗa. Gonar tana bakin hanya. Wanda ya fito daga gari yakan bi gefenta na kudu ya yi gabas, sannan ya karya kwana ya bi gefenta na gabas ya yi arewa, har ya hau titin mota. Kusurwar nan daidai take kamar ta bulo. Haka kakanninmu suka riƙa bi, kuma ban taɓa jin wanda ƙafarsa ta guntule ba.

Gyaɗa na fara fure sai na ga sawun ƙafa ya ratsa gonar daga wannan lungu zuwa wancan. Bayan ƙafa jakuna suka biyo, bayan jakuna babura. Na sa ƙaya, aka kwashe ta. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, yawancin masu ratsen ɗalibaina ne, waɗanda na yi shekaru ina koya wa yadda ake gano tsawon dogon gefen alwatika, suna rantsuwa abin ya fi ƙarfin kansu. Yau ga shi sun zana mini shi a kan kunyoyina, a miƙe sak, irin layin da ko da rula ba su taɓa ja ba.

A al'adarmu, hanyar da ta ci damina guda mai gona bai yi magana ba ta zama ta jama'a. Saboda haka na kai ƙara gaban dagaci. A zaurensa na tarar da liman, da shugaban 'yan acaɓa, wanda tsohon ɗalibina ne, da taubashina, wanda ba wanda ya gayyace shi.

Na ce, "Ranka ya daɗe, na auna gefen kudu igiya uku, na gabas igiya huɗu. Uku sau uku tara, huɗu sau huɗu sha shida, jimla ashirin da biyar, wato biyar sau biyar. Yanken igiya biyar ke nan, tsohuwar hanya bakwai. Saboda tafiyar igiya biyu kacal ake kashe mini abincin iyali."

Dagaci ya ce, "Malam, yanken ka auna shi?"

"Ban auna ba, ranka ya daɗe. Ba ya bukatar awo."

Taubashina ya ce, "To ga bokanci a fili! Ɗan boko, duba mini ko akuyata tagwaye za ta haifa."

Dagaci ya ce ba a hukunci da gaibu. Ya tura mutum biyu da igiya, rabin gari ya bi su kallo, duk ta cikin gyaɗata. Suka dawo suka ce biyar ce cif. Zaure ya ɗauki kabbara. Na yi zaton gaskiya ta yi halinta.

Sai dagaci ya gyara zama ya ce, "Ashe dai ilimi da kansa ya shaida yanken ya fi kusa."

Na ce, "Ba a kan haka na kawo ƙara ba."

Shugaban 'yan acaɓa ya durƙusa ya ce, "Malam, Allah ya saka da alheri. Wallahi da a aji ka ce mana mai ake ragewa da wannan lissafi, da ba wanda ya faɗi jarrabawa."

Liman ya yi gyaran murya, ya tunatar da ni cewa sauƙaƙa wa Musulmi hanya sadaka ce mai gudana, ya taya ni murnar ladan da ban nema ba. Na tambaye shi ko ana karɓar sadakar da aka ƙwace da tayar babur. Ya ce niyya ake gyarawa, kuma lokacin gyarawa bai wuce mini ba.

Da yake ni ne magatakardan zauren tun dawowata, ni aka umarta in rubuta hukuncin cewa yanken ya zama hanyar jama'a. Na rubuta shi yadda aka yanke, ban rage ba ban ƙara ba, sannan na sa a ƙasa cewa mai gona bai amince ba. Dagaci ya sa aka karanta masa, ya yaba kyawun rubutun.

Kafin kaka hanyar ta yi faɗin da amalanken shanu ke wucewa, gonata ta rabu gida biyu. Abin da na cire bai wuce iri da ɗan na ƙuli-ƙuli ba. Tsohuwar hanya kuwa ciyawa ta rufe ta. Da damina ta zagayo, zauren ya sake zama ya gano cewa barin fili haka kawai almubazzaranci ne, aka ba surukin dagaci, ya shuka gero a duk igiya bakwai ɗin. An roƙe ni in hana 'ya'yana ratsawa ta ciki.