Umarnin da Na Ba Danladi

Ranar Laraba ce, damina ta kusa ɗaukewa. Ƙarfe shida na bar unguwarmu Kpakungu a Minna cikin tsohuwar a-kori-kurata, gwiwa tana ciwo kamar kullum. Na tsaya Beji na sha koko da ƙosai. Bakwai da rabi na isa ƙauyen da muke da sito, can ciki inda kwalta ta ƙare, ranar kasuwarsu ce. Danladi yana bakin sito yana jera sabuwar doya.

Danladi abokin kasuwancina ne, manomi ɗan Gbagyi. Shi ya san doya, ni na san hanya da masu saye a Minna. Shekara tara muna tare. Da ya hango ni sai ya ƙame, ya sara mini da doya a hannu. "Oga Saje, ka makara fareti!" Na ce ya tafi can, ƙato da shi bai san dama da hagu ba.

Shekara talatin da biyu na yi a soja. Sau biyu aka tura ni ƙasashen waje aikin kwantar da tarzoma, sannan na yi arewa maso gabas har furfura ta fito. Lambobin yabo huɗu aka maƙala mini a ƙirji. Ɗaya don na goyo ofisanmu da aka harba, na yi wuni ina ratsa fadama da shi. A can na samo ciwon gwiwar nan. Da na yi ritaya na ce ni da ƙarar bindiga har abada, na kama harkar doya. Danladi ne ke ba mutanen ƙauye labarina, yana ƙara gishiri son ransa.

Tara da kwata na ji babura. Suna da yawa, kuma ba ta hanyar kasuwa suka biyo ba, ta rafi ne. Sai harbi, tau, tau, sannan a jere. Kasuwa ta watse. Mata suka zubar da kayan da ke kafaɗunsu suka faɗa gonar dawa. Danladi ya yar da doya ya zabura zai bi su. Tsakaninsa da dawar bai fi taki talatin ba, amma fili ne fetal.

Na daka masa tsawa. "Kwanta! Danladi, kwanta!"

Nan take ya zube a gindin tarin doya.

Haka aka koya mini, haka na koya wa kuratan soja ba adadi. Ba a gudu a fili ana wuta. Ka kwanta, ka duba, ka ja ciki zuwa mafaka. Na kwanta, na duba, na ja ciki na shiga kwarin da ruwa ya ci a bayan sito. Jikina ne ya yi aikin, ko tunani ban yi ba. Wallahi na ɗauka yana bayana. Ban ce ya biyo ni ba, don soja ba a gaya masa wannan. Na manta Danladi bai taɓa sa kaki ba.

Sai da na bi kwarin na shiga dawa na waiga. Yana nan kwance, fuska a ƙasa, hannu biyu a ƙeya, yana jiran in ƙara cewa wani abu. Babura uku suka tsaya a bakin sito. Na buɗe baki zan kira shi. In na kira, sun gane inda muke, ga mata maƙil a bayana, har da masu goyo. Na rufe bakina.

Ɗaya daga cikin 'yan bindigar ya ce, "Tashi!" Bai tashi ba. "Tashi, na ce!" Harbi biyu. Tara da rabi ba ta cika ba.

Muka ratsa dawa a sunkuye. Ganye yana yankar fuska. Sha ɗaya muka tsallake rafi, ruwa iya ƙugu. Baƙin hayaƙi ya turnuƙe a bayanmu, na san motata ce da sito. Wata mata ta ce, "Saje, ina za mu bi?" Da hannu na nuna mata. Gwiwa ta kumbura suntum. Wata tsohuwa da ta girme ni ta miƙo mini sandarta, na karɓa. Kunya ta kama ni, amma na karɓa. La'asar sakaliya muka fito titi kusa da Beji, wani mai tifa ya kwashe mu zuwa Minna.

Bayan kwana biyu aka koma da rakiyar jami'an tsaro. Mutum huɗu muka binne. Uku a cikin kasuwa aka tsince su. Danladi yana inda na bar shi. Duk wanda ya ruga dawa ya tsira.

Ban koma harkar doya ba. Na gaji, wallahi, gajiyar da barci ba ya warkarwa.

Sati uku na yi kafin na iya zuwa Garatu, gidan yayan matar Danladi, inda ta koma da yara. Ta shimfiɗa mini tabarma. Muka gaisa, na yi mata gaisuwar rashi.

"Oga Saje," ta ce, "abu ɗaya ban gane ba. Baban Saratu, kaf ƙauye ba mai kama shi a gudu. Tsofaffi sun kai dawa. Me ya hana shi?"

Tun a mota na shirya ƙarya. Ta ƙi fitowa. Na ce, "Maman Saratu, ni na ce ya kwanta."

Ta ɗago ta dube ni. Ba ta yi kuka ba, ba ta zage ni ba. Da ma ta zage ni.

"To," ta ce. "In kai ka ce, ai zai kwanta."

Ta tashi ta ɗebo mini ruwa a kofi. 'Ya'yansa biyar suna zaune a bakin ƙofa suna kallona. Na sha.